Yadda za ka kama Turancin saka lokaci, ɗage shi, da cewa aiki ya sha maka kai

Akwai wata Talata da har yau in na tuna sai na ji kunya ta kama ni. Lokacin ina wani ɗan aikin wucin gadi da wata ƙungiya, ofis a Kano amma ogogin suna Ingila, to ranar Litinin da daddare sai ga imel daga matar da ke haɗa mana mitin, layi ɗaya tal: "We've brought tomorrow's call forward by an hour." Mitin ɗin dama ƙarfe 11 ne. Ni kuwa ina ganin "forward" kaina ya fassara min "gaba", an tura shi gaba kenan ya koma 12, har na ji daɗi na ce shikenan zan samu in biya ta banki tukunna. Sha biyu saura na kunna kwamfuta na gyara zama har da shayi a gefe, ashe bayin Allah sun yi mitin ɗinsu tun ƙarfe 10 sun watse, abin da na tarar kawai saƙon oga ne yana tambaya ko lafiya.

Kuma fa babu kalma ɗaya a jimlar nan da ban sani ba, "brought" na sani, "forward" na sani, haɗuwarsu ce ta kayar da ni. Irin waɗannan su ake kira "phrasal verbs", wato aikatau da aka liƙa wa wata 'yar ƙaramar kalma irin su off, back, up, through, sai ma'anar ta tashi daga inda ka santa ta koma wani wajen daban. Tun daga ranar na daina haddace su a jere kamar karatun jarabawa, na koma bin su ta hanyar da zan nuna maka yanzu.

Mataki na 1: gyara gaba da baya tukunna

Kar ka taɓa komai sai ka gama da wannan, don nan ne kunnen Bahaushe ya fi yaudararsa. Mu in muka ce an tura biki gaba, nufinmu an ƙara masa lokaci, in muka ce an dawo da shi baya an matso da shi kusa. Turanci a nan kifawa ya yi. "Push back" ko "put back" shi ne a ƙara lokaci, abin da za a yi Litinin ya koma Laraba. "Bring forward" shi ne a matso da shi, na Laraba ya dawo Litinin. Amurkawa kuma sun fi cewa "move up" a wajen matsowa, "we moved the deadline up to Monday" na nufin wa'adin ya ƙara kusantowa, ka tashi tsaye.

Dabarar da na yi wa kaina ita ce in ɗauki mitin ɗin kamar mutum ne a layin karɓar kuɗi a banki. In an ce masa ya koma "back" to ya koma ƙarshen layi, zai daɗe kafin a zo kansa. In an kawo shi "forward" an kawo shi bakin kanta, yanzu-yanzu za a sallame shi. Da ka riƙe hoton layin nan ka huta.

Sai dai akwai guda ɗaya da su kansu Turawan ba su daidaita a kai ba, wato "move forward". In aka ce "the meeting has been moved forward two days" za ka samu wasu sun fahimci an matso, wasu sun fahimci an ƙara. Don haka kai kar ka yi amfani da shi, in kuma wani ya rubuto maka shi to ka mayar masa da rana da ƙarfe a fili: "Just to confirm, that's Monday at 10?" Ba ƙauyanci ba ne, su ma haka suke yi. Kuma in da mutanen Ingila kake aiki ka tambayi agogon wa ake nufi, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da nasu ɗaya ne, amma sauran watannin mun riga su da awa 1.

Mataki na 2: jera su yadda shiri yake tafiya, daga ƙullawa

Samu littafi ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, ka raba shi gida uku: ƙulla shiri, shiri ya fara tangal-tangal, shiri ya mutu. Duk sabuwar kalmar da ka tsinta ka jefa ta gidanta. Amfanin haka shi ne ranar da kake buƙatarta ba ta harafi za ka neme ta ba, ta halin da kake ciki za ka nema.

A gidan farko wadda na fi so ita ce "pencil in". Hoton a fili yake, an rubuta da fensir a kalanda saboda in abu ya canza a sa kilina a goge. In mutum ya ce maka "I'll pencil you in for Thursday" ya ajiye maka Alhamis amma fa bai ɗaure ba, kusan irin "to mu bar shi a Alhamis ɗin mu gani" ce tamu. Kar ka je ka sayi tikitin jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja a kan maganar fensir. Abin da zai mayar da ita ta biro shi ne "firm up", "let's firm up the date by Friday", a tsayar da magana kenan. In kuma ana so a nuna maka har yanzu da sauran damar canji sai a ce "nothing is set in stone", ba a sassaƙa shi a dutse ba, kuma ka lura kusan kullum a kore ake faɗarsa, da wuya ka ji an ce abu "is set in stone" haka kawai.

Sai "line up", ka jera abubuwa sun zama a shirye suna jiranka, "I've got three interviews lined up next week". Sai "map out", ka zana yadda aiki zai tafi daki-daki tun daga farko. Sai tagwayen nan "fit in" da "squeeze in", dukkansu samar wa mutum gurbi ne a cikin jadawali, bambancin shi ne "squeeze" matsi ne, irin yadda ɗan adaidaita yake cusa fasinja na huɗu a baya. In kana roƙon likita ko wani babba ya gan ka alhali ka san ranarsa a cike take, "could you squeeze me in tomorrow?" ta fi daɗin ji saboda ka nuna ka san alfarma kake nema.

Gida na biyu, tangal-tangal. "Put off" ɗagewa ce, amma sau da yawa da ɗan ƙamshin ƙiwa a ciki, abin da ya kamata ka yi kake ta gobe-jibi da shi. "Up in the air" ita ce tana ƙasa tana dabo, ba a san inda za ta faɗi ba, "our Sallah plans are still up in the air". "On the back burner" kuwa daga kicin ta fito, ka ga kukar gas mai kai huɗu, tukunyar da ake ji da ita tana gaba, wadda ba a gaggawarta an mayar da ita kan na baya an rage wuta. Ba a sauke ta ba, ba a kuma zubar ba, jingine ta aka yi. Gaskiya dai a ofis in oga ya ce maka shawararka "is on the back burner for now" ka rage sa rai, sau tari hanya ce ta ladabi ta cewa ba yanzu ba kuma wataƙila ba nan kusa ba.

Akwai kuma na mitin da ya ƙi ƙarewa. "Run over" ya wuce lokacin da aka ɗiba masa, "the meeting ran over by twenty minutes", wannan labari ne kawai ba ƙorafi. "Drag on" kuma ƙorafi ne, wankin hula ya kai mutane dare. Mai ceton rai shi ne wanda ya ce "let's wrap up", a naɗe tabarma.

Mataki na 3: in shiri ya mutu, ka tambayi wa ya kashe shi

Nan ne mutanenmu suke zuba "cancel" a kan komai, alhali Turancin ya rarrabe, kuma rarrabewar tana da muhimmanci don tana nuna wa ke da laifi.

"Call off" wani ne mai iko ya yanke hukunci aka fasa. Duk wanda ya yi jami'a a Najeriya ya san wannan ko bai san sunanta ba, saboda shekara da shekaru muna jiran kanun labarai su ce "strike called off", an janye yajin aiki. To haka ake cewa "they called off the wedding", an fasa auren, kuma wani ne ya fasa.

"Fall through" babu wanda ya yanke hukunci, abin ne kawai ya bi ruwa. Kun gama ciniki, mai saye bai samu kuɗin ba, "the deal fell through". Ka riƙe wannan da kyau: ba a cewa "they fell through the deal" kuma ba a cewa "it was fallen through", shirin ne da kansa yake faɗawa, ba wani ke faɗar da shi ba. Kuma kalma ce mai rufa asiri, in ba ka so ka tona wanda ya jawo sai ka ce "it fell through" ka yi shiru. Kusa da ita akwai "it didn't pan out", abin bai yi yadda aka so ba.

"Back out" da "pull out" mutum ɗaya ne ya zame jikinsa bayan ya ce zai yi. "He backed out at the last minute", ana dab da yi ya janye. In za ka ambaci abin da ya janye daga ciki sai ka sa "of", "she pulled out of the trip". "Back out" ta fi ɗaukar zargi, tana da ɗanɗanon saɓa alkawari, "pull out" kuma kamfani ma yana yi a kan lissafin riba da asara ba tare da an ga baƙinsa sosai ba.

Sai ta ƙarshe mai ciwo, "stand someone up". Wannan ita ce shanya, kun yi da mutum ku haɗu ka je ka zauna kana ta duba waya bai zo ba bai kuma kira ba. "He stood me up." An fi jin ta a maganar saurayi da budurwa amma tana shiga ko'ina. Samari kuma musamman a Amurka za ka ji "he bailed on me" ko "she flaked", duk na hira ne tsakanin abokai, kar ka kai su imel ɗin ofis.

Mataki na 4: 'yan ƙa'idoji biyu da ke tona asirin mai hadda

Ba zan cika ka da nahawu ba, biyu ne kawai. Ta farko, a irin su put off, call off, push back, bring forward, pencil in, in abin da kake magana a kai suna ne kana da zaɓi, "call off the meeting" ko "call the meeting off" duk daidai. Amma da zarar ka mayar da shi it, them, me, him, her to dole ya shiga tsakiya: "call it off", "pencil me in", "push it back". "Call off it" kuskure ne da kunnen mai harshen yake kamawa nan take.

Ta biyu, aikatau in ya biyo bayansu yana ɗaukar -ing. "I keep putting off calling him", ba "to call" ba. Haka "get round to", wato a ƙarshe dai ka samu sukunin yin abin da ka daɗe kana jingine wa, "I finally got round to fixing the generator", Amurkawa su ce "get around to". Ita ma "look forward to" da muke rufe wasiƙa da ita haka take, "I look forward to hearing from you". Wallahi na ga takardun neman aiki ba adadi da aka rubuta "to hear from you", mutum ya yi ƙoƙari tun daga sama sai ya zo layin ƙarshe ya yi tuntuɓe.

Mataki na 5: auna yawan aikin kafin ka zaɓi kalma

"I'm busy" ba laifi ba ce amma ita kaɗai a bushe take, wani lokacin ma tana fita kamar ka ce wa mutum kar ka dame ni. Mu ma ai ba ma cewa "ina da aiki" mu yi shiru, sai mu ce wallahi abubuwa ne suka ɗan sha min kai. To ka jera na Turancin daga mai sauƙi zuwa mai nauyi.

Mafi sauƙi "tied up", wani abu ya ɗaure ka na ɗan lokaci kuma za ka kwance, shi ya sa take tafiya da lokaci, "I'm tied up till four". Sakatare zai ce maka "she's tied up in a meeting". Kusa da ita "held up", an tsayar da kai a hanya ka makara, "sorry, I got held up in traffic", kuma ka ga ai tushensu ɗaya da holdof ɗin da muke cewa in gosulo ya haɗu a Kurna da yamma. Ka dai riƙa faɗin abin da ya tsayar da kai, saboda "held up" tana kuma nufin 'yan fashi sun tare mutum da bindiga, kar ka rubuta wa baƙo "I was held up on the Kaduna road" ka bar shi cikin tashin hankali.

Sama da su "back-to-back", abu na bin abu babu numfashi a tsakani, "I've got back-to-back meetings all morning". Sai "I've got a lot on my plate", farantina ya cika, wannan ita ce wadda na fi ba mutane shawara su fara riƙewa domin tana shiga ofis tana shiga gida, kuma tana ɗaukar har damuwar da ba ta aiki ba, rashin lafiyar iyaye, kuɗin makaranta, hidimar biki. 'Yan Ingila sukan gajarta su ce "I've got a lot on".

Masu nauyi su ne "swamped" da "snowed under". Ta farko ruwa ne ya malale ka, ta biyu dusar ƙanƙara ce ta binne ka, kuma kar ka ce ai mu ba mu da ƙanƙara, ko a zafin Afrilu kake a Sakkwato kana iya cewa "I'm snowed under with marking" in takardun ɗalibai sun taru maka, ba wanda ke tuna ƙanƙarar in yana faɗa. Dukkansu da "with" suke tafiya. "Up to my neck in work" kuwa kamar daga bakinmu aka ɗauka, aiki ya kai min wuya, wasu su ce "up to my ears" ko "up to my eyes", ka lura ita da "in" take tafiya. In kuma aikin na zirga-zirga ne da ƙafa, nas a asibiti, mai abinci da rana tsaka, uwar amarya ranar kamu, to 'yan Ingila cewa suke "rushed off my feet" ko "run off my feet". Wanda ya wuni a kujera gaban kwamfuta bai cika dacewa da ita ba.

Akwai kuma rukunin da ba yawan aiki kawai suke nunawa ba, suna nuna kai ka jawo wa kanka. "Bite off more than you can chew" ita ce ɗaukar Dala ba gammo, ko taura biyu da ba ta taunuwa. "Spread too thin" ka rarraba kanka wuri da yawa har ba inda kake yin abin kirki, kamar ɗan man shanu kaɗan a kan tuwon mutum goma. "Burning the candle at both ends" kyandir ne aka kunna ta kai da ta gindi, mutum ya kwanta ƙarfe 2 ya tashi da asuba kullum, ana faɗar ta ne da sigar gargaɗi. Ta bambanta da "burning the midnight oil", wadda raba dare ce kawai a kan karatu ko aiki, babu zargi a ciki, har ma da ɗan yabo. Waɗannan ka yi hattara da jefa wa na sama da kai, ka faɗa a kan kanka ko abokinka.

Mataki na 6: koyi ƙin amsa gayyata ba tare da ka ɓata wa kowa ba

In da za a ce in zaɓi jimla ɗaya tak a duk wannan darasin, "something's come up" zan ɗauka. Ita ce daidai "wani uzuri ne ya taso min", har hoton tasowar iri ɗaya ne, kuma kamar yadda yake a wajenmu mai hankali ba ya tambayar wane uzuri. Haɗa ta da "make it", samun zuwa: "I'm so sorry, something's come up and I can't make it tonight."

Sai "take a rain check". Asalinta daga wasan besbol ne a Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19, in ruwan sama ya hana wasa sai a ba 'yan kallo wata 'yar takarda da za su shiga da ita wata ranar. Shi ya sa in an gayyace ka cin abinci ka ce "can I take a rain check?" kana nufin yau dai ba hali amma ina bin ka bashi. Ta gayyatar zumunci ce, shayi, cin abinci, kallon ƙwallo. Ba a cewa mai intabiyu ko alƙali a ba ka "rain check".

"Play it by ear" daga makaɗa ta zo, wanda ke kiɗa da kunne ba tare da duba rubutu ba, kamar dai mai kalangu da ke bin rawar da ya gani a fili. Ma'anarta kar mu tsara komai, in mun je ma ga abin da hali ya yi. "It might rain, so let's play it by ear." Na sha ganin an rubuta "by year", kunne ne, ear.

Wata kuma da ya kamata ka sani ko don karanta labarai ita ce "table". A Turancin Ingila, wanda shi majalisunmu suka gada, "to table a motion" gabatar da ƙudiri ne a tattauna. A Amurka kuwa "let's table this" a ajiye maganar ne sai wani jiƙon. Kalma ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna, don haka ka duba bakin wa ta fito.

Sannan ka tace namu na gida in da baƙo kake magana. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa, tsakaninmu ba matsala, amma "I'm coming" da muke faɗa muna juya baya muna tafiya, wadda "ina zuwa" ce tsaf, Bature zai tsaya yana kallonka ne don a wajensa mai zuwa matsowa yake, ce masa "I'll be right back". "Next tomorrow" ka mayar da ita "the day after tomorrow", abin tausayi su ba su da kalma ɗaya da suke amfani da ita ta jibi balle gata da citta. "Upper week" kuma "the week after next". Su ma suna da nasu da ke rikita mu, "fortnight" sati 2 ne, kuma ɗan Ingila in ya ce "half ten" 10 da rabi yake nufi.

Mataki na 7: atisaye, kuma kaɗan-kaɗan

Kar ka ɗauki fiye da 3 a sati, da gaske nake. Ka zaɓi ukun da suka yi daidai da abin da ke faruwa da kai a satin, ka duba kowacce a ƙamus ɗin masu koyo irin Cambridge ko Oxford ko Longman, duk suna intanet kyauta, kuma abin da za ka duba ba ma'anar kaɗai ba, ka duba ko an rubuta mata "informal", ko an ce ta Ingila ce ko ta Amurka, sannan ka karanta misalan don ka ga 'yar kalmar da ke binta. Daga nan ka shiga YouGlish ka rubuta ta, zai jero maka gutsattsarin bidiyon YouTube inda mutane suke faɗar ta a cikin magana, ka saurari kamar biyar in data ta yarda, a nan za ka ji cewa a "put it off" ƙarfin muryar a kan "off" yake sauka, kuma kalmomin ukun a haɗe suke fita kamar guda.

Sai babban aikin: buɗe WhatsApp ɗinka, nemo saƙonnin Hausa na gaske da ka tura a satin nan na ɗage wani abu ko ba da haƙuri, ka sake rubuta su da Turanci. Misali wanda na tura wa wani abokina, "Malam ka yi haƙuri yau ba zan samu zuwa ba wallahi aiki ya min yawa, mu bar shi Asabar in Allah ya kai mu amma zan ƙara tabbatar maka", ya koma "Sorry, I can't make it today, I'm swamped. Can we push it back to Saturday? Pencil it in and I'll confirm on Friday." Ka ga guda huɗu sun shiga kuma ba wadda aka cusa da ƙarfi.

Wannan maganar cusawa ita ce abin da zan ja kunnen masu shirin IELTS, wato jarabawar gwada iya Turanci, a kai. Ɓangaren magana minti 11 zuwa 14 ne, kuma cikin abin da ake dubawa akwai iya amfani da irin waɗannan kalmomin a muhallinsu, to sai ka ga ɗalibi ya haddace guda ashirin yana ta jefa su ko sun dace ko ba su dace ba, an tambaye shi me yake yi ranar hutu ya ce yana ƙona kyandir ta kai biyu kuma ƙanƙara ta binne shi kuma farantinsa ya cika, duk a numfashi ɗaya. Mai jarabawar ya ji irin wannan sau ɗari. Guda biyu da suka zauna daram sun fi, kuma ƙananan irin su "come up", "get round to", "fit in" sun fi nuna ka saba da harshen a kan manyan karin maganar da ake gani a littafi.

In kuma ga na sama da kai za ka rubuta, rage gishirin, ka bar "swamped" da su "bail" ka ɗauki masu natsuwa. Ga wanda nake ajiye da shi a wayata ina canza rana da ƙarfe kawai: "Good morning. Something urgent has come up and I'm afraid I'll be tied up until 2. Would it be possible to push our meeting back to 3 pm today? If that doesn't work, I'm happy to fit in with your schedule." Ka lura na sa ƙarfen a fili bayan "back", ko da shi ma mai karantawar irin kaina ne da shi na waccan Talatar.